WAMBAI, SARAUTA MAI ƘASA MARAR MAGAJI: Labarin Makau da Zuriyar Jatau a Suleja

Duk ɗan Arewa da ke neman abinci a Ikko ko Badun ko Anaca, in dai ya taɓa bin hanyar Lakwaja zuwa gida, ya san wurin nan da mota take wuce Zuba, ta shiga Madalla, sai ga dutsen Zuma ya tsaya ƙiƙam a gefen titi kamar yana jiran a gaishe shi. Nan ne fasinja yakan gyara zama ya ce to, an shigo gida. Kaɗan a gaba sai mararrabar Suleja. Akasarinmu iyakar sanin da muka yi wa garin ke nan: a tsaya a yi salla, a sayi doya ko lemo na tsaraba, a wuce Kaduna.

Amma wanda ya sauka ya shiga cikin tsohon gari zai ji sunayen unguwanni da za su sa shi tunani. Akwai Kurmin Sarki, akwai Magajiya, akwai kuma Wambai, wadda yau ma mazaɓa ce daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Suleja ta Jihar Neja. Sunayen nan Hausa ce tsantsa a tsakiyar ƙasar Gwari da Koro, biyu daga cikinsu ma sarautu ne na fada. Daga birnin Zazzau suka zo, a kan dawaki, a guje, shekara fiye da 200 da suka wuce.

Sarautar Wambai ba baƙuwa ba ce ga mutanen Kano, ko don kasuwar Ƙofar Wambai. A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Nazaki, farkon ƙarni na 17, an yi wani Wambai Giwa wanda ya ƙara faɗin ganuwar birni, ya yi ƙarfi ƙwarai har sai da Sarki Kutumbi ya tuɓe shi. A zamaninmu kuwa 'ya'yan sarki ke riƙe ta a Kano. Alhaji Aminu Ado Bayero Wamban Kano ne kafin a naɗa shi Sarkin Bichi a 2019. To, Wamban Abuja na da, watau na garin da yanzu muke kira Suleja, wani irin mutum ne dabam. Yana da garuruwa, yana da barori, yana da murya a fada, amma ba shi da ɗa, ba kuwa zai taɓa samu ba. Kafin mu kai ga dalilin wannan, sai mun bi ta kan mutumin da ya kawo sarautar nan bakin kogin Iku.

MAKAU YA BAR ZAZZAU

A ƙarshen ƙarni na 18 Sarkin Zazzau shi ne Ishaku Jatau, Bahaushe, daga tsohon gidan sarauta da ke lissafa kansa tun daga Gunguma, ya biyo ta kan Bakwa Turunku mahaifin Amina. Jatau ya ji wa'azin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya karɓa, abin da sauran sarakunan Hausa ba su yi ba. Da ya rasu sai ɗansa Muhammadu Makau ya hau, shi ne na 60 a jerin sarakunan Haɓe na Zazzau, shi kuwa bai bi sawun mahaifinsa ba cikin wannan al'amari. Mutanen jihadi suka ce ya warware alkawari. Mutanen Abuja kuwa har gobe ba su yarda cewa Makau ba Musulmi ba ne, kuma labarin da suke bayarwa na faɗuwar birnin ma shaida ce a wurinsu.

Ga yadda suke faɗa. Malam Musa, wanda ya karɓo tuta daga Shehu, ya taho tare da Yamusa shugaban Fulanin Barno, suka iso daidai lokacin da Makau yake bayan gari a filin Idi da jama'arsa, ba shirin yaƙi. Cikin birni akwai masu goyon bayan malaman, saboda haka hanyar komawa ta toshe. Sarki ya ga ba dama ya shiga ya ɗauki makamai, sai ya juya akalar dokinsa ya yi kudu. Littafin tarihin Abuja ya sa wannan a 1804, masu bincike na baya kuwa sun kai shi ƙarshen 1808. Ko wacce ce daidai, cikin yini guda mutumin da ya kwana yana mulkin ƙasa tun daga iyakar Kano da Katsina har kusa da Binuwai ya zama ba shi da ko ɗakin kwana.

Ba shi kaɗai wannan ta sama ba a shekarun nan. Sarakunan Katsina sun yi arewa, daga bisani suka kafa Maraɗi. Gobirawa suka ƙare a Tsibiri, Kabawa a Argungu, na Daura suka rabu tsakanin Zango da Ɓaure. Alwali na Kano bai ma tsira ba, a Burumburum aka kashe shi. Makau shi kaɗai ne ya nufi kudu, dalili kuwa shi ne can ne Zazzau take da talakawa masu kawo mata gaisuwa tun zamanin kakanni.

Sai dai gaisuwar da ake kai wa sarki yana kan gado dabam take da wadda ake yi masa yana gudu. Da ya isa Kauru aka rufe masa ƙofa. Kajuru ce ta buɗe masa, Malam Musa kuwa ya biyo shi ya kewaye garin wata 6. Daga nan Makau ya fita ya ci gaba da ratsa duwatsu da kurmi har ya sauka Zuba, garin Koro, inda aka karɓe shi. A nan ya kafa sansani, ya shiga neman garuruwan Gwari da Koro da Gade da Gwandara su ci gaba da kawo masa abin da suka saba kai wa Zazzau. Waɗansu suka yarda, waɗansu sai da aka gwabza. Bai gina birni ba. Sauran rayuwarsa a kan sirdi ya yi ta, har 1825 da ya tafi yaƙin Lapai, inda Fulani ke kafa sabuwar sarauta a ƙarƙashin Dauda Maza, aka kashe shi a can.

Abin lura a nan shi ne abin da Makau ya fito da shi daga Zazzau. Ƙasa dai ba ta ɗaukuwa, gidan sarki ma haka. Amma manyan fadarsa da yawa sun biyo shi, kowa da rawaninsa da sunan sarautarsa, kuma ko a sansanin Zuba, cikin bukkokin ciyawa, Madawaki Madawaki ne, Galadima Galadima ne, Sarki kuwa bai yarda a kira shi Sarkin Zuba ko wani abu ba, Sarkin Zazzau yake. Shi ya sa har yanzu Nijeriya take da Sarkin Zazzau biyu, ɗaya a Zariya, ɗaya a Suleja. Wanda ya zauna a Sabo ta Badun ko a Agege, ya ga yadda baƙi ke naɗa Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa a ƙasar da ba su da ko taƙi ɗaya na gado, ba zai yi mamakin wannan ba.

Ƙanensa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya gaje shi. Shi ne ya ga zaman sansani ba zai kai su ko'ina ba. A 1828 ya zaɓi wuri kusa da kogin Iku, inda duwatsu suka yi wa wurin katanga, ya kafa gari, aka zagaye shi da ganuwa, garin ya ci sunansa. Abu Ja ya yi shekara 26 yana sarauta. Kewaye da shi duk ƙasashen masu tuta ne ko masu biyayya ga Zariya: Keffi, Nasarawa, Jama'a, Lapai, ga Nufe a yamma. Duk da haka Fulani ba su taɓa cin Abuja ba har zuwan Turawa, kuma wannan shi ne babban abin alfaharin mutanen garin.

MANYA HUƊU

Abin da muka sani game da tsarin fadar Abuja mun same shi ne musamman daga 'yan garin su biyu, Malam Hassan, wanda yake Sarkin Ruwa a lokacin, da Malam Shu'aibu Na'ibi. Su suka rubuta tarihin garin da al'adunsa da Hausa, wani Bature Frank Heath ya juya shi Turanci aka buga a 1952. Daga baya wani masani mutumin Jamaika, M. G. Smith, ya ɗauki aikinsu ya auna shi da abin da ya gani a Zariya, ya fitar da littafinsa kan mulkin Zazzau a 1960. Hujjarsa ita ce wanda yake so ya san yadda Haɓe suka yi mulkin Zazzau kafin jihadi, Abuja zai duba, don can aka adana tsarin.

A ƙarƙashin Sarki akwai manya huɗu da ake kira rukuni: Madawaki, Galadima, Wambai, da Dallatu. Madawaki shi ne shugaban mayaƙa, shi ne na biyu ga Sarki, rabin gari ma a hannunsa yake. Ɗa ne, yana aure yana haihuwa. Sauran ukun kuwa babanni ne, watau bayin da aka dandaƙe tun suna yara. Galadima ake bar wa gari in Sarki ya fita yaƙi. Dallatu ke bin Sarki sansani, shi ke gina masa masauki, ya riƙe masa al'amuran wurin kamar yadda Galadima yake yi a gida. Wambai kuwa mashawarci ne, yana da hannu a sunan 'ya'yan Sarki, sa'an nan shi ke lura da tsabtar makewayin Sarki da na iyalinsa.

Mai karatu zai iya yin dariya a nan, ya ce ashe babban basarake guda aikinsa ke nan. Kada a yi saurin dariya. A zamanin da sarki ya fi tsoron sammu da guba a kan mashi, mutumin da aka yarda ya shiga inda Sarki ke kewayawa, ya ga matansa, ya san abin da ke cikin gida, ba ƙaramin amintacce ba ne. Kuma wannan mutumin da safe yana cikin gida, da hantsi yana zaune a majalisa ana shawarar yaƙi da shi, in Sarki ya rasu kuwa yana cikin manyan da ake jin bakinsu wajen zaɓen sabo.

Ba albashi ake biyan su ba. Kowace babbar sarauta tana da garuruwan da aka jingina mata. Mai riƙe da ita yana zaune cikin birni kusa da fada, sai ya tura jakadunsa ƙauyuka su karɓo kuɗin ƙasa da gaisuwa, da wuri ko hatsi ko tufafi ko bayi, ya kai wa Sarki, a ba shi rabonsa. Mutanen garuruwan nan kuwa in suna da kuka ta bakinsa zai isa fada, in yaƙi ya tashi ta hannunsa za a nemi mazajensu. Garuruwan ba a haɗe suke wuri ɗaya ba. Wani yana gabas, wani yana kudu, tsakaninsu akwai na Madawaki ko na Galadima. Ba wanda zai tashi da safe ya ce ga yankina, ya ja masa iyaka, ya yi tawaye.

Babban abu kuma shi ne ƙasar ta rawani ce, ba ta mutum ba. Ranar da Wambai ya mutu, ko aka ɗaga shi zuwa wata sarauta, garuruwan suna nan suna jiran wanda Sarki zai naɗa. Dukiyar da ya tara ma, tun da shi bawa ne kuma ba ɗa, fada take komawa. 'Ya'yan sarki kuwa, waɗanda su ne ke da jinin da zai sa su yi kwaɗayin gadon, an nisanta su daga manyan muƙamai, in ban da Dangaladima. Sai matan gidan, Sarauniya da Iya, su ma da nasu matsayi. Watau masu jini ba su da ƙasa da mayaƙa, masu ƙasa kuwa uku daga cikin huɗu ba su da zuriya.

YADDA TURAWA SUKA YI NASU

Waɗanda suka yi makarantar boko a da sun sha haddar labarin Wiliyam na Nomandi, wanda ya ƙetaro daga arewacin Faransa ya ci Ingila da yaƙi a 1066. Abin da ya yi bayan nasara ya yi kama da abin da ya faru a Zazzau: ya kawar da tsofaffin masu ƙasa, ya raba garuruwansu ga waɗanda suka yi yaƙi tare da shi, bisa sharaɗin su kawo masa mahaya in ya nema. Ɗaya daga cikinsu shi ne Wiliyam na Waren, wanda ya samo sunansa daga wani ɗan kogi a Nomandi. Da aka yi ƙidayar filaye da dukiyar Ingila a 1086, an tarar yana da ƙasa a larduna 13, a warwatse kamar dai garuruwan Wambai. Ya gina gidajen dutse masu ganuwa, shi da matarsa Gundirada suka kafa gidan ibada na Kirista a garin Luwis, aka ba shi sarautar Sari a 1088, a shekarar kuma ya mutu da raunin da ya samu wajen yi wa sarki yaƙi.

Har nan kamar labari ɗaya ne. Inda suka rabu shi ne wajen gado. Ɗan Waren ya gaji ƙasar, jikansa ya gada, da jikan ya mutu a kan hanyar zuwa yaƙin ƙasar Sham a 1148 bai bar ɗa namiji ba sai 'yarsa Isabel ta gada, manyan gidan sarauta suka yi ta neman aurenta saboda filayen. Sarautar ba ta bar zuriyar nan ba sai 1347. Gidaje irin wannan suka yi saiwa, suka ƙulla surukuta da juna, har ya kai a 1215 suka taru suka tilasta wa Sarki Jon ya sa hatimi a takardar da ta rage masa iko. Sarakunan Hausa ba su karanta tarihin Ingila ba, amma sun san wannan haɗarin sarai, sun kuwa ga irinsa a gida. Labarin Wambai Giwa na Kano kaɗai ya isa. Maganin da suka samo shi ne a ba ƙasa ga wanda ba zai haifi mai gadonta ba.

Ni dai a ganina dabara ce mai aiki, amma muguwa ce, kuma bai kamata son tarihin gida ya hana mu faɗin haka ba. Kafin a sami Wambai ɗaya mai rawani da doki, yara nawa aka kamo daga ƙauyukansu aka yi musu wannan aika-aika, nawa ne kuma suka mutu a wurin? Addinin da sarakunan nan suke bi bai halatta ba. Haka kuma arzikin garuruwan sarauta ba daga sama ya faɗo ba. Abuja ta rayu ne da harin bayi da tare hanyar fatake, kamar yadda maƙwabtanta Fulani su ma suka rayu, kuma Gwari da Koro da Gade da Basa su suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Wanda yake da abokin aiki Bagwari a Apapa ko Fatakwal ya tambaye shi abin da kakanninsa suka ce game da dalilin da ya sa tsofaffin ƙauyukansu suke bisa duwatsu.

ZURIYAR JATAU

Tun da an hana kowa zuriya sai gidan Sarki, bari mu bi ta gidan. 'Ya'yan Jatau uku ne suka yi sarauta a jere. Makau, sai Abu Ja daga 1825 zuwa 1851, sai ƙanensu Abu Kwaka, wanda ake kira Dogon Sarki, daga 1851 zuwa 1877. A duba wannan da kyau: mutumin da ya rasu a birnin Zazzau tun kafin Fulani su shiga, shekara 70 bayan mutuwarsa ɗansa na cikinsa ne ke kan gado a wata ƙasa. A zamanin Dogon Sarki ne aka sassauta, fatake suka fara shiga Abuja da kaya. Makau bai bar gidan sarauta ba, saboda haka tun daga nan gidaje biyu ne, na Abu Ja da na Abu Kwaka.

Ibrahim Iyalai ɗan Abu Ja ya hau a 1877. Laƙabinsa Dodon Gwari, ba sai an yi wa kowa bayanin inda ya samo shi ba. A zamaninsa rundunar Zariya ta zo da niyyar gama abin da Malam Musa ya fara, aka kore ta. Amma abokan gaban da suka zo a 1902 ba da dawaki da masu suka zo ba. Turawa suna so hanyar ciniki tsakanin Lakwaja da Arewa ta zauna lafiya, Abuja kuwa ta ƙi daina tare ta. Sojansu suka shiga garin, Ibrahim ya rasa ransa a wannan karo, aka naɗa Muhammadu Gani ɗan Abu Kwaka.

Mutanen Abuja sun so Turawa su mai da su Zazzau, ganin cewa su ne masu gidan na asali. A Daura an yi haka, a 1906 aka dawo da zuriyar Haɓe kan gado. A Zazzau kuwa Turawa suka bar Fulani inda suka same su. Abin da suka yi wa tsarin sarauta shi ne ya kashe Wambai irin na da. Sun hana bauta, saboda haka ba sauran babanni masu tasowa. Sun kafa baitulmali da albashi. Sun kuma ce ba su gane wa garuruwa a warwatse ba, a tattara ƙasa gunduma gunduma, kowane hakimi ya fita birni ya je ya zauna cikin talakawansa ya tara haraji. Sarautun rukuni suka koma hannun 'ya'ya masu iyali da ilmi. Shi kansa Malam Hassan marubucin tarihin nan daga baya Dallatun Abuja ya zama, sarautar da a littafinsa ya rubuta cewa ta babanni ce.

Bayan Gani sai Musa Angulu ɗan Ibrahim, daga 1917 zuwa 1944, sarauta ta koma gidan Abu Ja. Sa'an nan ta sake dawowa gidan Abu Kwaka wurin Sulaimanu Barau ɗan Gani, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina ya kuma koyar kafin ya hau, ya shekara 35 a kan gado. A zamaninsa ne Bature Michael Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane a garin, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, ita ce wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. Ibrahim Dodo Musa ya gaje shi a 1979 har 1993. Daga nan ne aka ga cewa lissafin zuriya ba tatsuniya ba ce ta tsofaffi. Da aka naɗa Alhaji Awwal Ibrahim, wanda ya yi gwamnan Jihar Neja daga 1979 zuwa 1983, gari ya rikice, aka yi ƙone-ƙone da asarar rayuka, domin waɗansu suna ganin Bashir ɗan Sulaimanu Barau ne ya kamata. A 1994 aka sauke Awwal aka naɗa Bashir, a 2000 kuma aka mai da Awwal.

Ƙasar fa? Wannan ita ce ta biyu da zuriyar Jatau suka rasa, sai dai wannan karon ba da takobi ba. A watan Fabrairu na 1976, kwanaki kaɗan kafin a kashe shi, Janar Murtala Muhammed ya karɓi shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda cewa a ɗauke babban birnin tarayya daga Ikko a kai shi tsakiyar ƙasa. Aka yanki fili mai faɗin wajen murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara, mafi yawansa kuwa daga masarautar Abuja ya fito. Zuba, inda Makau ya fara sauka, ta tafi. Bwari da Kuje da Kwali da Garki duk sun tafi. Sai gwamnati ta ce har sunan ma tana so. Sarki Sulaimanu Barau ya amince, tsohon gari ya ɗauki farkon sunansa aka haɗa da ƙarshen na Abu Ja, ya zama Suleja. Ma'aikatan farko da suka zo auna filin sabon birnin ma a Suleja suka yi masauki, kafin a gina musu wuri. A ran 12 ga Disamba 1991 Janar Ibrahim Babangida ya tare a Abuja sabuwa.

Garin da Abu Ja ya ɓoye cikin duwatsu don kada a same shi yanzu ya cika ya batse, ya wuce inda ganuwa take da nisa. Ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa da leburorin da hayar ɗaki a babban birni ta fi ƙarfinsu, Hausawa da Yarbawa da Ibo da Tibi, nan suke kwana, waɗansu a cikin unguwar Wambai ɗin kanta. Tun da asuba motoci ke kwasarsu, su bi ta gindin Zuma, su wuce Zuba, su shiga garuruwan da a da jakadun fada ke zuwa karɓar gaisuwa, da magariba kuma su dawo da su.